Sai Ya Ce Karɓi

Barau ya rasu da damina a gidansa na Gummi, bayan ciwon cikin da ya daɗe yana ɓoye mana. Tare muka tashi a Gwashi, tare muka koyi kabu-kabu. Har yau in na biyo ta bayan garejin Nababa sai na rage gudu, kamar zan ji ya kira ni, "Saminu, tsaya."

A bayan garejin nan ya kafa wajen ɗaga ƙarfe. Rumfar kwano ce kawai, da benci ɗaya, da sandar ƙarfe, da gwangwanayen da ya cika da siminti. Daga baya Nababa ya ƙara masa da ƙarafan tsohuwar tirela. Barau shi kansa ba ya iya ɗaga abu mai nauyi, domin hannunsa na hagu ya taɓa karyewa a hanyar Zugu, ɗorin bai zauna daidai ba. Matarsa Saude takan tsokane shi ta ce mai hannu ɗaya da rabi ya tara ƙarti.

Barau ba ya faɗa, amma in ka bar guminka a benci zai miƙo maka tsumma yana murmushi har ka ji kunya. Babbar dokarsa ita ce, mai bin layi shi ke tsayawa a kan wanda ya kwanta, amma ba zai taɓa sandar ba sai na kwancen ya ce "karɓi". Ya kafa ta ne don maza na jin haushi in an taimake su da wuri, su ce an raina ƙarfinsu.

Cikin masu zuwa akwai Moses, ma'aikacin lafiya, Kirista. Likita muke ce masa. A shekarar dubu biyu, da rediyo ya fara kawo labarin faɗan Kaduna, gari ya yi nauyi, baƙi suka riƙa rufe shago tun rana tsaka. Moses ya daina zuwa. Barau ya je har gida ya ɗauko shi a babur.

Ranar da la'asar ce. Dalhatu mahauci yana nan, saurayi mai ƙirar ƙarfi. Yayansa na Kaduna, ba a ji ɗuriyarsa ba, idon Dalhatu ya yi ja.

Ya ce, "Yaya Barau, wanga ma shina cikin layi?"

Barau ya ce, "Shina ciki. Gabanka shike, kai za ka tsaya mishi."

Wanda ya sauka daga benci abokin Dalhatu ne, kuma da gangan ya bar ƙarafansa a sanda bai rage ba. Nauyin ya fi ƙarfin Moses. Amma a rana irin wannan bai so ya roƙi kowa komai, sai ya kwanta a haka. Dalhatu ya tsaya a kansa, ya mai da hannuwa baya.

Moses ya sauke sandar, ya tura ta sama da ƙyar. Ya sake saukewa. Wannan karon ta ƙi tashi. Ta zauna masa a ƙirji, ta fara gangarowa wajen wuya. Ƙafafunsa suna shure-shure a ƙasa. Ni ina can bakin rumfa ina jingine babur, abokan Dalhatu biyu sun tare hanya.

Barau ya ce, "Dalhatu."

"Bai ce karɓi ba."

"Ba ka ga ba shi da numfashi ba?"

"Dokarka ce, Yaya. Ni ban ji komi ba."

Bakin Moses yana motsi, ba sauti. Barau ya matso. Ya durƙusa, ya cusa hannunsa na hagu tsakanin sandar da wuyan Moses. Ƙarfen ya sauka a daidai tsohon ɗorin, muka ji ƙas. Gumi ya karyo masa, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"To, ni ne ƙasa yanzu, ƙanena. Karɓi."

Dalhatu ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya fizge sandar ya aza ta a mazauninta.

Moses ya mirgino ƙasa yana tari. Barau ya zauna ya rungume hannunsa. Nababa ya fito daga gareji da sifana a hannu yana cewa a kori Dalhatu, kar ya sake tako wurin.

Barau ya ce, "Ba a korar kowa. Layinshi ne, ya kwanta. Saminu, tsaya mishi."

Moses ya dafa benci ya miƙe. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "Bari, ni zan tsaya."

Dalhatu ya waiga wajen abokansa, babu wanda ya ɗaga kai. Ya kwanta a hankali, ya kama sandar, fuskar Moses tana samansa. Ya daɗe a haka bai ɗaga ba.

Can ya ce, "Likita, yayana na Kaduna. Ba mu ji labarinshi ba."

Moses ya ce, "Ƙanwata Dinah ma tana can. Ɗaga, ina nan."

Ya ɗaga.

Ni na goya Barau zuwa gidan maɗori. A hanya ya jingina kansa a bayana, ina jin numfashinsa na fita da ƙyar. Na ce masa da ya bari na iso, ai da hannunsa bai tafi ba. Ya ce in na iso da faɗa zan iso, kuma in aka yi faɗa a wurin nan yau, gobe Likita zai haɗa kayansa.

Hannun bai ƙara riƙe kan babur ba. Moses kuwa bai bar Gummi ba, kashegari da ƙafarsa ya zo. Allah ya jiƙanka, Barau, ya sanyaya makwancinka.