Akushin Toka

Garinmu ƙarami ne, gabas da Ƙwanni, amma da alkama aka san shi. Da sanyi ya shigo, gero ya shiga rumbu, kowa sai fadama: a ja fangali, a watsa iri, a yi ta ban ruwa har zangarniya ta yi ja. Irin gidanmu yana hannun Kaka Hajo, cikin randa, cakuɗe da toka don kada ƙwaro ya ci. Tun daga kakanta ake juya irin nan.

Kaka ba ta tatsuniya don daɗin baki. In ta hura wutar kara bayan magariba ta ce mu matso, to akwai wanda za ta sara. A wannan shekara Baffa Mamman ne, autanta, wanda babur ya shiga ransa, idonsa na kan duk abin da zai sayu. Yana gefe yana jin ɗumi ta fara.

"Ga ta nan ta taho, ku ji, har da ƙattin da ba a kira ba."

Wai lokacin da aka sari garin nan, wani Buzu mai raƙumi ya bar wa mutum bakwai alkama tafi guda-guda. Shida suka adana tasu cikin toka. Na bakwai ya niƙe tasa, ya ci finkaso, ya lashe hannu. Sanyi ya zo, shida suka shuka suka girbe, sai ga na bakwai da akushi yana washe baki. Suka karɓa, suka rufe, suka miƙa masa. Ya buɗe, toka ce fal.

"Abin da yab bari, shi anka ba shi," in ji Kaka, tana kallon Baffa. "Wanga gari ba a yi shi don ɓeraye ba."

Baffa ya yi tsaki ya tashi. Kafin sati ya zagayo randa ta zama wayam. Ya tankaɗe tokar a bayan ɗaki, ya kai irin kasuwar Ƙwanni, wai ai za a raba sabo a buro, ofishin gwamnati. An raba kuwa, amma a makare. Zafi ya riski shukarmu, muka girbi ƙaiƙayi.

Ranar Sallah ya shigo da baburinsa yana neman finkaso. Kaka ta aje masa akushi a rufe, gaban kowa. Ashe ta kwashe tokar nan ta ɓoye. Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu.

Na daɗe ina ganin ta tsananta. Sai da na girma na bi kasuwanni, daga Illela har Malbaza, ina neman gajeriyar jar alkamarmu ban samu ko tafi guda ba, sannan na gane abin da aka sayar. Babur ya daɗe da mutuwa. Baffa ya tsufa, har yana ba yarana labarin daɗin alkamar da, ko kunya babu.

Ina gaishe shi don ƙanen ubana ne. Amma da Kaka za ta dawo yau, wallahi ni zan riƙe mata akushin.