Malam Labbo, Mai Gyaran Sola na Gummi

Da an idar da sallar asuba, Malam Labbo ba ya komawa ɗaki. Yakan zauna a dakalin ƙofar gidansa da ke Gummi, ya zazzage jakar kayan aikinsa a kan tabarma, ya duba filaya da mita da ƙullin waya ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Zulai ta miƙo masa kunu, yana sha yana amsa waya, domin tun kafin rana ta ɗaga ake fara nemansa. Wannan ya ce tankin unguwarsu bai cika ba, wancan ya ce firjin allurar rigakafi na ɗakin shan magani ya daina sanyi. Sai ya ɗaure jakar a bayan babur ya kama hanya, yau Bukkuyum, gobe Nasarawa Burkullu, jibi ƙauyukan Anka. Shekara goma sha shida ke nan yana wannan zirga-zirga. A watan jiya ne gwiwa ta tilasta masa ajiye tsani, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani game da shi tun yana ji da kunnensa.

Ni malamin firamare ne, gidana na bayan nasa. Ina yawan ji a rediyo cewa manyan biranen duniya suna alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama ƙasa, har suna tsayar da shekarar da za su rabu da shi. Malam Labbo bai taɓa zuwa irin wannan taro ba. Amma a rijiyoyin burtsatse da masallatai da ɗakunan shan magani na yankinmu, na san wurare sama da arba'in da janareta ya yi shiru, rana ta karɓi aikinsa, kuma hannunsa ne ya ɗaura wayoyin.

Abin mamaki, da gyaran janareta ya fara. Shekara ashirin yana rumfarsa ta bakin kasuwa, ba wanda ya kai shi sanin ciwon inji daga jin ƙararsa kawai. Wata Alhamis ya gyara wa amininsa Shafi'u tela wani ƙaramin janareta. Da hadari ya taso, Shafi'u ya shigar da injin cikin shago don kada ruwa ya taɓa shi, ya rufe ƙofa ya ci gaba da ɗinki. Washegari da safe aka ɓalle ƙofar aka tarar hayaƙi ya kashe shi.

Malam Labbo na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kowa ya ce masa ajali ne, ba laifinsa ba, shi ma bai yi musu ba. Amma da muka dawo daga maƙabarta ya ce mini, "Malam, ni nag gyara injin nan da hannuna. Da na bar shi matacce, da Shafi'u na nan."

Bai sake buɗe rumfar ba. Yana da shekara arba'in da huɗu ya tafi Gusau, ya durƙusa gaban wani mai haɗa sola da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya koyi aikin daga tushe. Da ya dawo da farantan sola biyu, mutane suka yi ta dariya, wai yaushe rana za ta jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Ya ɗora su a rijiyar unguwarmu, ranar da ruwa ya fara zuba ba ƙara ba warin fetur, har tsofaffi sai da suka fito kallo.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ƙauye kusa da Sunke. Mutanen wurin sun binne 'ya'ya da yawa a shekarun gubar dalma, lokacin da ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ana wanke shi a tafkin bayan gari. Bayan haka an haƙa musu burtsatse mai janareta, amma duk sadda fetur ya yi wuya sai injin ya tsaya, mata su koma tafkin nan. Malam Labbo ya mayar da rijiyar ta sola, ya kuma ja bututu zuwa wani kwami a gefe domin shanun Fulanin da ke rugar kusa, aka huta da cacar baki a kan layin ruwa.

Shekara uku da suka wuce, a tsakiyar damina, ruwan rijiyar ya ɗauke. Inna Tabawa, ungozomar garin, ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce kwana biyu ta yi tana zaune a bakin tafki da sanda, duk macen da ta zo da tulu sai ta kore ta. A rana ta uku ta ga ba za ta iya ci gaba da tare su ba, domin yara na kukan ƙishirwa, ruwan saman da aka tara kuma ya ƙare. Ta hau tudun da ake samun sabis ta kira shi.

"Malam Labbo, in ba ka zaka ba, gobe ɗiyanmu ruwan tafki za su sha."

"Inna, ki riƙe su yau kaɗai. Gobe ina tahe, in sha Allahu."

Zulai ta roƙe shi ya bari, saboda rafi ya cinye hanya, ga kuma 'yan bindiga da ake jin motsinsu a dajin. Ya ce mata ya riga ya amsa. Ya bar babur a hannun wani manomi a bakin rafi, ya ɗora jaka a kai, ya shiga ruwa har ƙirji. Wajen fita ya zame a gangare, gwiwarsa ta bugi dutse. Wani makiyayi mai suna Hammadu, wanda shanunsa ke sha a kwamin nan, shi ya tsince shi yana ɗingishi, ya ɗora shi a kan jakinsa har cikin gari.

Sun isa bayan azahar. Hammadu ya ce masa ya zauna a ɗaure ƙafar tukuna. Malam Labbo ya ɗaga kai ya dubi rana.

"In ta karkata, ko na gyara injin ba ya tashi sai gobe. Ku zaka mu jawo shi."

Maza takwas, manoma da makiyaya, suka kama igiya suka fito da injin jawo ruwan daga ramin. Yana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe ta kumbura, ya bi wayar da yatsa har ya tarar da inda ta ƙone. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe, aka mayar. Ana kiran la'asar ruwa ya fara bugun gindin tanki. Inna Tabawa ta ce a ranar ba wanda ya je tafki, kuma har yau ba a koma ba.

Gwiwar nan ba ta sake komawa daidai ba. Ya lallaɓa da ita shekara uku, har likita ya hana shi hawa.

Malam Labbo, kai ne ka bar sana'ar da ka ƙware a kanta, ka koma ɗalibi da furfura a gemu. Kai ne ba ka taɓa barin gari ba sai ka zaunar da mutum biyu ka nuna musu abin da ka taɓa da dalilin taɓa shi. Shi ya sa yau Sufyanu, wanda ya bar kabu-kabu, ke kula da rijiyoyin Bukkuyum, Mansura kuma, uwar 'ya'ya huɗu, ke shiga gidajen kulle tana haɗa wa mata fitila da fanka. Ba ka ɓoye wa kowa ilimi ba, gwanin da bai ji tsoron a fi shi ba.

Yanzu yana zama a zaurensa daga hantsi zuwa azahar, kuma ya ce duk mai son koyo ya zo, babba ko matashi, mace ko namiji. Ina kira ga mutanen Gummi da Anka da Bukkuyum kada mu bar zauren nan ya zama fanko. Wanda kuma yake da wata sana'ar, ya dubi yadda mutumin nan ya riƙe tasa.

Da labari ya kai ƙauyen cewa ya ajiye aiki, Inna Tabawa ta aiko masa da ƙwaryar man shanu da saƙon baki. Ta ce a gaya masa, duk tulun da aka cika a rijiyar nan, yana da lada a ciki.

Mun gode, Malam Labbo. Allah ya ba ƙafa lafiya, ya sa ka tarar da ladan nan cif.