Malam Fannami da kwalbar da bai bari an binne ba

Da hantsi, kafin a fito da mutum na farko daga ɗakin tiyata, Malam Fannami ya riga ya jera kwalabensa, ya zuba musu ruwan maganin nan mai sa ido hawaye, wanda ke hana nama ruɓewa. Aikinsa ke nan a wani asibiti nan Haɗeja tun gashinsa na baƙi. Abin da likita ya yanko daga jikin mutum shi ke karɓa, ya rufe, ya shiga motar Kano da shi a kan cinya don a gwada. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau "mai kwalba" yawancin mutane ke ce masa.

Ranar da aka cire wa mijina Haladu ƙari a babban hanji, Baffansa Abdulmannan ya iso daga Guri da farin ƙyalle a hannu. A wurinmu, abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi.

"Ba ni naman ɗana in kai shi ƙasa," in ji Baffa. "Ai ba kifi ba ne da za a tsoma a kwalba."

Malam Fannami bai yi musu ba. Ya matsa masa a benci, ya tambaye shi me ya yi ajalin mahaifin Haladu. Ciwon ciki. Gwaggonsa fa? Ciwon ciki, tana da goyo. Baffa ya ce ruwan fadama ne, wasu kuma na cewa sammu.

"Baba, duk garin ke shan ruwan nan, me ya sa gidanku kaɗai yake ɗiba? Ka ba ni aron naman a gwada. Abin da ya rage, da ƙafata zan kawo maka."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙyallen, sannan ya naɗe ya sa aljihu.

Sakamako ya yi jinkiri. Da ya zo, likita ya ce ƙarin na ɗauke da alamar irin ciwon dajin da ake gada daga iyaye. Haladu bai ji wannan bayani ba, an riga an share makokinsa.

Damina ce, ruwa ya cinye hanya, amma Malam Fannami ya shiga kwalekwale ya zo Guri da sauran naman. Baffa ya fito da ƙyallen nan, aka binne sauran kusa da mai shi. Da Malam ya ce sai a duba 'yan'uwan mamacin, Auta, ƙanin Haladu, ya rantse ba wanda zai zura masa na'urar leƙa hanji.

"Kunyar yini guda ce, Auta," in ji Malam Fannami. "Ko ka fi so Baffa ya sake sayen ƙyalle?"

Auta ya je. Aka tarar da ɗan tsiro, aka cire kafin ya rikiɗe.

Malam, kai ne ka hana mu binne amsar da hannunmu. Ba ka kawo mini sauƙi ba. Ina yi wa 'ya'yana Jannat da Abdulfattah wanka ina kallon cikinsu, ban san wanda ya ɗauko gadon ba. Amma na san da sun girma zan kai su a riƙa dubawa, ko sun ƙi.

Allah ya saka maka, mai cika alkawari. Ku da za ku gaji kwalabensa, ku zauna da mutane a benci kamar yadda yake yi. Mu kuma, in an cire wa namu ƙari, mu bari a gwada tukuna. Ƙasa za ta jira.