Madarar gindin tsamiya

A zaure na ci karo da surukar ƙanwata, ta rungumo ƙwaryar madara sabuwar tatsa, za ta gindin tsamiya.

Barkar haihuwa ta kai ni Katuzu daga Nguru. A ɗaki kuwa na baro mai jego kwance, leɓe a bushe, jariri sai tsala ihu yake don nono ya ƙi zuwa. Tun safe ko kunun kanwa ba a dama mata ba.

Na ce, "Iya, madarar nan ta wace ce?"

Ta ce, "Ta Inna ce, uwar iskoki. Ita ta ba mu yaron nan. In ba a zuba mata ba, ƙafarsa za ta shanye."

Na ce, "To Iya, tunda ɗanta ne, ta sauko ta ba shi nono mana."

Ta hau salati. Ni kuwa na karɓe ƙwaryar, na tafasa madarar, na kai wa wadda ta yi naƙudar.

Wai wadda ba ta san ciwon mara ba ita ke shan madara, wadda ta durƙusa ta haifa tana haɗiyar yawu!

Ku gaya min, a gidanku wace uwa ake fara ciyarwa, ta tsamiya ko ta ɗaki?