Fitilar Goshi a Bukkar Masu Banda

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har sunan jikana wani lokaci sai na lalubo shi, amma lamarin fitilar nan ta goshi da shi za a kai ni kabari. Ba zan manta da shi ba. Ba wanda ya mutu, ba jirgin da ya kife. Fitila ce kurum, da wata tsohuwa, da bukka guda da muke kwana a cikinta.

A shekarun da anka ciro Kebbi daga Sakkwato ne. Idan ruwa ya fara ja da baya, kifi ya yawaita, mukan bar Yelwa mu shiga jirgi mu gangara wata tunga ta masunta a bakin tafki, can ƙasar Ngaski. Mu mata ne masu banda. Mu sayi ɗanyen kifi hannun masunta, mu gyara, mu jera bisa raga a kan wuta, hayaƙi ya busar da shi. Ita banda ba ruwanta da barcin mutum. Dole a tashi gabanin asuba a juya kifi, in ba haka ba gefe guda ya ƙone, gefe guda ya ruɓe.

Masunta sun ba mu bukka guda ta ciyawa, doguwa, tabarma na taɓa tabarma. Muna da babba a cikinmu, wata mace mai kaifin magana da muke ce wa uwar bukka, ita ke raba wurin kwana, ita ke raba faɗa. Dokarta biyu ce. Ba a shiga da wuta mai harshe, ko ta kananzir ko ashana, domin ciyawa ce sama da ƙasa. Ta biyu, ba a haska mai barci. Wannan ba ita ta ƙirƙiro ba, haka munka tarar. Mai barci ba ta san inda zanenta ya nufa ba, ba ta san bakinta a buɗe yake ba. Duhu shi ne suturarta. Saboda haka kowa ta haddace hanya daga tabarmarta zuwa ƙofa, ta tashi ta bi da ƙafa, shiru.

Kusa da tabarmata akwai wata dattijuwa daga wajen Shanga, ta girme mu duka, Yaya nake ce mata. Hannunta ya san kifi. Ba ta da hayaniya, kuma ban taɓa ganin mai ladabi kamarta ba. Ko akuya ta yi atishawa sai ta juya ta dube ta. To, ita wannan baiwar Allah dundumi ya kama ta, ciwon nan da ido ke gani garau da rana, rana na faɗuwa ya rufe. Da farko gefen zanena take riƙewa mu fita tare. Amma bandata na gabas, tata na yamma, ba kullum nake iya tsaya mata ba. Rannan ta taka hannun wata a hanya. Rannan kuma ta dafa raga da zafinta, tafin hannunta ya tashi.

'Ya'yanta sun daɗe suna son ta zauna gida. Ita kuwa ta ce mini, "Ranar da na zauna a ɗaki ana miƙo mini tuwo, ranar na gama." Da ƙyar sunka bar ta ta zo wannan shekara. Ɗanta mai kai busasshen kifi garin Anaca can kudu, da ya ji labarin ƙunar, sai ya aiko mata da fitila irin ta maharba, wadda ake ɗaurawa a goshi da igiyar roba, waya ta sauko zuwa gidan batir a ƙugu. Ya zaɓo mata wadda ta fi kowace haske, don yana son uwarsa. Hannuwanta biyu sun samu sake, tana ganin kifinta, tana ganin inda take aza ƙafa. Ranar da fitilar ta iso har hawaye ta yi.

Matsalar ba ta fito ba sai a cikin bukka. Fitilar hannu inda ka nufa da ita can take haskawa. Ta goshi kuwa inda ka duba. Yaya ta tashi, ta kunna, ta sunkuyar da kai tana bin tsakanin tabarmi. Sai wata ta yi tari cikin barci. Ku kun san yadda anka rene mu, ba ka jin mutum ya yi tari ka wuce, kuma ba ka gaida mutum kana ba shi ƙeya. Yaya ta juya ta ce, "Sannu." Haske ya sauka bisa fuskar matar kamar an watsa mata ruwa. Ta zabura tana salati. Yaya ta ce, "Ayya, yi haƙuri," ta juya wurin ta kusa da ita wadda ta motsa, "Ke ma na tada ki? Sannu." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ba da haƙuri, tana tada su.

Akwai wata 'yar barkwanci cikinmu, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Daga ƙarƙashin mayafi ta ce, "Ku kauce hanya, motar Anaca ta iso!" Anka yi dariya ranar farko.

Ba a yi ta daga baya ba. Muna da mai jego a bukkar, ɗiyarta ba ta son haske ko kaɗan. In ta farka ba ta yin shiru sai rana ta fito. Mata na wuni a bakin wuta idanu jajur, ga hayaƙi ga rashin barci. Yaya kullum sai ta rantse ba za ta ƙara juyawa ba, kullum kuma wuyanta ya riga ta. Abin da mutum ya yi tun yana ɗan yaye ba ya barinsa don an ɗaura masa roba a goshi. Ranar da abin ya ƙare, mai jegon ce ke shayarwa, zane ya sauka, 'yar ta ɗan yi kuka, Yaya ta juya da sannunta. Mai jegon ta ja mayafi ta rufe jikinta, ta fashe da kuka ita ma.

Da hantsi uwar bukka ta zo ta tsuguna gaban bandar Yaya. Ina kusa, na ji komai.

"Yaya, kin girme ni, ba ni ɗaga miki murya. Amma bukka ba tawa ce ni ɗai ba. Wagga fitila ta hana mutane barci, ta kuma buɗe wadda ba ta ce a buɗe ta ba."

"Na sani, ɗiyata. Wuyana ne ba ya jin magana."

"To ni ban iya gyara wuya. Kasuwar Wara na tafe. In kin komo da ita haka, ki nemi wurin kwana."

Wurin kwana kuwa babu. Sauran bukkokin na masunta ne da iyalansu. Ma'anar maganar ita ce Yaya ta hau jirgi ta koma gida, kuma duk mun san in ta koma a tsakiyar kakar kifi 'ya'yanta ba za su sake barinta ta taka tunga ba. Ta ajiye fitila, ba ta gani. Ta riƙe fitila, ba ta da tabarma. Ban ga laifin uwar bukka ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ran kasuwa na ce ta taso mu tafi tare. Ban san abin da za mu yi ba, na dai san masu sayar da irin waɗannan kaya suna can. Munka sami wani mai rumfa, dattijo mai jan haƙora saboda goro, ya rataye fitilu kamar yadda ake rataye albasa. Yana ganinmu ya fara yabon kayansa.

"Inna, ga wadda in kin kunna ta nan, ana ganinki daga Yelwa!"

Na ce, "Ba ita muke so ba. Wace ce ta fi rashin haske?"

Ya tsaya da tauna goro. "Mi kinka ce?"

"Wadda ta fi rauni. Wadda ba kowa ke sonta ba."

"Inna, ni ba ni saida kayan banza. In ba'a kunka zo yi, da sauran rumfuna."

Yaya ta kwance tata daga ƙullin zane ta aza masa a gaba. Ya ɗauka, ya kunna, ya dube mu, ya sake duban fitilar. Na faɗa masa yadda ake ciki, ban rage komai ba. Sai ya shiga can ƙuryar rumfa ya fito da wasu da ƙura ta rufe.

Sai dai da rana tsaka ba ka sanin ƙarfin fitila, duk ɗaya suke. Na kwance mayafina mai kauri, Yaya ta kwance nata, munka haɗa munka lulluɓa, munka tsuguna nan gaban rumfa, manyan mata biyu a ƙarƙashin zane kamar kaji cikin akurki. Ina jin mutane na taruwa. Wani ya ce, "Lafiya? Ko bori ne?" Mai rumfa ya ce, "Ku wuce, ciniki muke yi." Shi ke miƙo fitilu ta ƙasan zane. Ni na zama mai barci, na rufe ido. Yaya ta ɗaura, ta kunna, ta dube ni. In haske ya ratsa fatar idona na ce, "Ta tada ni." Sai ta duba ƙasa, na shimfiɗa mata tafin hannuna, ta faɗi ko tana ganin yatsuna. Wadda ba ta tada ni ba, ita ba ta gani da ita. Wadda take gani da ita, ni ta tada ni. Zufa ta jiƙa mu sharkaf.

Daga ƙarshe ya miƙo wata ƙarama, mai ƙaramin ƙwai, kanta na lanƙwasawa ƙasa ya tsaya inda anka aje shi. Wannan ta fi sauran, domin ko Yaya ta miƙe wuya hasken a ƙirjina yake sauka, ba fuska ba. Amma fari ne, yana cika wuri. Can sai na ji ƙarar yagewar ƙyalle wajen Yaya. Gefen jan kallabinta ta yaga, ta ninka, ta rufe bakin fitilar. Ta ce in rufe ido. Na rufe, ina jira, ina jira.

"Kin kunna?"

"Tun ɗazu nike kallonki."

Na buɗe ido na ga wani ja-ja mai laushi kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Na miƙa hannu ƙasa, ta ƙirga mini yatsuna daidai.

Munka yi musaya, ta ba shi babbar ta karɓi ƙaramar. Mai rumfa ya ɗaure ƙyallen da zaren roba yadda za ta iya ɗage shi in ta fita wurin banda. Har mun juya ya kira mu, ya ƙara mana batir. Ya ce, "Ku karɓa, kar Allah ya tambaye ni. Tun da nike kasuwa ban taɓa ganin wanda ya kawo doki ya tafi da jaki yana godiya ba." A cikin jirgi Yaya ta dube ni. Ta ce, "Ɗan nan nawa zai ji ba daɗi." Na ce zai fi jin ba daɗi in ya gan ta zaune a ɗaki tana ƙirga azara.

Uwar bukka ta ga sabuwar fitila da yamma, ta juya ta a hannu, ta mayar mata. Ni ban yi barcin kirki ba. Gabanin asuba na ji Yaya ta motsa. Ɗan jan hasken ya fito, ya tsaya a kan ƙafafunta. Ta fara tafiya, sannu, sannu. Ta wuce mai jego, 'yar ba ta motsa ba. Ta wuce 'yar barkwanci, ana ta minshari. Tana kusa da fita sai uwar bukka ta yi tari. Na san tarin gaske, na san na gangan. Wannan na gangan ne, mai ƙarfi, kusa da ita ƙwarai.

Hasken ya tsaya. Na ga ya yi rawa, ya fara karkata gefe, ya ɗan hau gefen tabarma. Sannan ya komo bisa ƙafafunta. Yaya ta ce, "Sannu," a hankali, tana fuskantar ƙasa. Ta fita.

Da gari ya waye, kafin kowa ta ce komai, Yaya ta je ta durƙusa gaban uwar bukka, ita da ta girme ta. Ta ce, "Ki gafarce ni, ɗiyata. Kin yi tari, na gaishe ki ban dube ki ba."

Uwar bukka ta kama hannunta ta tada ta. "Na ji sannunki, Yaya, ta iso. Tashi, kifinki na jiranki."

'Yar barkwanci ta ce, "Wai yau motar Anaca ba ta zo ba ne? Ni har na makara." Maganar ke nan da anka yi, ba a ƙara ba. Yaya ta ƙarasa kakar nan a tabarmarta, ta kuma dawo wasu shekaru bayanta, har sai da idon ya rufe da rana ma, sannan ta koma gida da ƙafarta, ba wanda ya kore ta.

Ɗan da ya saya mata mai haske ba mugunta ya yi ba, ita da ke juyawa ta ce sannu ba mugunta ta yi ba, amma mutane sun kwana ba barci kuma an buɗe wadda ke rufe. Abin da na koya ke nan. In za ka zaɓi abin da za ka shiga da shi cikin mutane, kada ka tsaya a kan ko ya yi maka. Ka nemi wani ya rufe ido a gabanka, ka tambaye shi ko ya dame shi. Kyakkyawar niyya ba ta hana haske shiga idon mai barci, sai ka sunkuyar da kai da kanka.