Juma'o'in da na ƙwace wa Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta riƙe jaka. Duk abin da take ji da shi a ɗaurin ƙirji take soke shi: goro, makullin akwati, da 'yar wayar da autanmu ya aiko mata daga Legas, inda yake gadi. A gidanmu na Tsaskiya sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbu. Kowace Juma'a bayan la'asar can take tsayawa ta jira kiransa.

Shekarar da ƙullutu ya fito mata a mama ina koyarwa a Safana. Na sha jin malamai 'yan'uwana suna cewa waya da talabijin na fitar da wani tururi da ido ba ya gani, mai cin jiki a hankali. Ni kuwa ɗan boko, sarkin sani, na hau babur na je na karɓe wayar, ko gaisuwa ban bari ta ƙare ba. Na ce auta ya riƙa kirana ina kawo mata saƙo.

Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma ja-in-ja da ni. Ta dai ce, "Ɗan nan, saƙo ai ba murya ba ne."

Muka yi ta jiƙe-jiƙe, ina jiran ƙullutun ya sace tunda na raba ta da sanadinsa. Sai bayan kaka muka kai ta asibiti a Katsina. Na ba likita labarin wayar, har ina jiran yabo. Likitar ta ce ba a tabbatar waya na kawo wannan ciwo ba, abin da ta sani dai mun makara.

A mota, kan hanyar komawa, ƙanwata ta faɗa mini cewa Inna ba ta taɓa fasa zuwa gindin rumbu ran Juma'a ba. Takan tsaya hannu wofi har inuwa ta miƙe, sannan ta koma ɗaki. Kunya ta rufe ni, har yau ba ta sake ni ba.

Lokacin da na mayar da wayar ƙafa ta riga ta ƙi ɗaukarta. A tabarma muka ɗauko ta zuwa rumbu. Auta ya yi ta magana, ita tana ta gyaɗa kai kamar yana ganinta. Da suka gama ta soke wayar a ƙirji, ban hana ta ba.

Juma'a biyu ta samu a haka, Allah ya karɓi abarsa. Waɗanda na ƙwace mata na ƙirga su, goma sha tara ne.