Kamshaf ɗin da Inna ta zaɓa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Inna mahaifiyata, a saman wata babbar mota da ta nufi gabas, buhunan goro a ƙarƙashinmu. Tun da na dawo kuke ta tambayata yadda Hajji ya kasance, to bari in faɗa sau ɗaya in huta. Ni tela ne, sanina da inji bai wuce keken ɗinkina ba. Inna kuwa ta daɗe tana sayar da daddawa da buri biyu a ranta: ta tsaya a Arfa, ta kuma ga ƙanenta, autansu, wanda ya tafi Makka tun ina goye bai dawo ba. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, ta kuma san ba za ta sake wannan tafiya ba.

Hanyar Barno da Lami ta Cadi da ƙasar Sudan ba sai na tsawaita ba. Rairayi ne, da turin mota, da ruwan sha mai launin kunu. A jirgin ruwa Inna ta rufe ido ta ce kada wanda ya tashe ta sai ƙasa ta daina motsi. Jidda kuma zafinta mai ɗanko ne, masu ruwa suna yawo da salka suna sayarwa da tsada har mutum ya riƙa jin kunyar ƙishirwarsa. Amma akwai waken da suke kira ful, da man zaitun da gurasa mai zafi, wanda ya sa na yafe wa garin komai.

A nan Kawu ya tarye mu. Ya durƙusa gaban Inna yana kuka, rabin gaisuwar da Hausa, rabi da Larabci, ita kuma tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya tsufa ba da izininta ba. Direba ne, yana da tsohuwar akori-kura ta soja da yake jigilar alhazai da ita. Ita ta kai mu gidansa a Ka'akiyya, can bayan gari inda haya ke da sauƙi, kuma kowace ƙofa ka wuce sai ka ji ƙamshin miyar kuka.

Bayan unguwar akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, inda direbobi ke taruwa bayan la'asar suna tsere. Motoci biyu za su jera, wani ya jefa rawani ƙasa, su miƙe sambal zuwa wani tarin duwatsu. Ba caca ake yi ba, wanda aka bari baya shi ke sayen shayi, a kuma yi ta yi masa dariya har wani makon. Kawu ya daɗe yana sayen shayin nan, domin wani maƙwabcinsa mai haƙorin zinariya, Bahaushen da ya zo ta Sudan, kullum sai ya bar shi yana shan ƙura.

Maganin da Kawu ya samo shi ne ya sauya kamshaf. Wani dogon ƙarfe ne da ke cikin inji, yana da tozaye a jikinsa, su ke buɗe bawul mai ya shiga hayaƙi ya fita. Wani bakanike haifaffen Makka ya kawo guda uku tsakar gida ya jera a tabarma: ƙarami irin wanda ke cikin motar, matsakaici, da wani mai manyan tozaye. Na ga idon Kawu a kan matsakaicin. Sai dai ya tuna a gidansu ba a ɗaukar abu alhali babba na zaune, ga shi kuma rabonsa da ya girmama yayarsa tun yana saurayi.

"Tafaddali, Yaya," in ji shi. "Ke za ki zaɓa."

Shi a zatonsa za ta ce a'a, Allah ya sa albarka. Inna ta gyara zama, ta ɗaga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya tana jinjinawa yadda take yi wa taɓare a kasuwa, ta dafa babban.

Bakaniken ya ce, "Ya Hajiya, wannan na gudu ne kawai, bas. In mota ta sake jiki, wallahi ba mai kamo ta. Amma in ana tafiya shuwayya shuwayya, a hankali, makina, injin nan, tari za ta yi ta mutu."

"Yaro, kafin a haife ka nake daka," in ji Inna. "Abu mara nauyi hannu kawai yake gajiyarwa."

Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi tabarma. Ba wanda zai karɓe zaɓi daga hannun babba bayan ya miƙa mata.

Da aka ɗaura shi aka tayar, motar ta riƙa gudum, gudum-gudum, tana karkarwa kamar mai masassara. Ranar tsere ina baya na rungume ƙarfe. Aka jefa rawani, mai haƙorin zinariya ya fice, tamu ta tsaya tana tari har na fara jin ɗanɗanon shayin da za mu saya. Can sai ta yi wani irin ruri ta zabura, hulata ta tafi inda ban sake ganinta ba, muka wuce shi dab da duwatsun. Ran nan Kawu ya sha shayin da wani ya saya, yana ta zagaya filin da kofi a hannu. Bakaniken ya ce a mayar da ƙaramin kafin aikin Hajji. Kawu ya ce ba'adain, wato sai daga baya, domin yana jin nauyin Inna, yana kuma jin daɗin yadda ake nuna shi a unguwa.

Ranar Arfa muka taso daga Mina da hantsi, motar cike da alhazai. Duniya duka ta fito: raƙuma, jakuna, masu ƙafa, motoci gaba da baya, kowa na tafiya taku ɗaya ya tsaya. Tsayuwar farko motarmu ta yi tari ta mutu. Muka sauka muka tura, ta tashi, aka sake tsayawa, ta sake mutuwa. Ku tuna kuma muna cikin harami, ba zagi ba jayayya. Ban taɓa ganin maza masu fushi irin na ranar ba, kowa hannu ɗaya a jikin mota, ɗaya riƙe da zane kada ya faɗi, suna talbiyya da haƙora a cije. Wani dattijo ɗan Sakkwato ya dubi Kawu ya ce, "Direba, Allah shi saka ma da alheri," amma yadda ya faɗe ta, da ma zagin ya yi.

Azahar ta wuce muna cikin matsatsin da ke tsakanin duwatsu, lagireto na tafasa. Masu ƙarfi suka kwashi kayansu suka bi ƙafa. Inna ba za ta iya ba, raƙumin haya kuwa babu ko gurgu. Wani malami ya ce mata ko da dare aka isa Hajji ya yi, sai dai a yanka dabba. Ta ce ba ta baro Kano don ta ga mutane suna naɗe tabarmi ba. Daga nan ta koma kallon rana tana jan carbi. Kallon nan ya fi turin motar yi mini ciwo, na kuma ga Kawu yana share ido da gefen haraminsa.

La'asar ta yi sanyi sannan muka fito daga matsatsin. Hanya na nan a cushe, amma a gefenta ga ƙasa shimfiɗaɗɗa, ba kowa, irin filin bayan Ka'akiyya. Kawu ya dube ta, ya dubi rana.

"Yaya, riƙe da kyau. Yalla, ku tura!"

Muka tura ta gefe, ta tashi, muka ɗare da gudu. Ya taka totur har ƙasa. Motar da ta wuni tana wulaƙanta mu ta yi rurin nan nata, ta miƙe. Muka riƙa wuce motocin da suka wuce mu tun safe, dattijon Sakkwato na kabbara, zanen wani na kaɗawa a sama. Muna shige alamar iyakar Arfa Kawu ya ɗaga ƙafa, ita kuma ta yi tari ɗaya ta mutu, ba wanda ya ji haushinta.

Muka sauko da Inna. Ta tsaya da gwiwoyin nan nata, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ta ƙanenta, rana ja a gabanmu ba ta faɗi ba. Ta yi addu'a tana kuka, mu ma muka yi. Da ta shafa sai ta juya ga Kawu ta ce, "Auta, da ƙaramin na zaɓa, da yanzu muna can."

Ba wanda ya gaya mata cewa da ƙaramin ne, da tun azahar muna nan.

Bayan an gama aiki Kawu ya sa aka ciro kamshaf ɗin, ya naɗe shi a buhu ya ba ta. Ni na ɗauko shi a kafaɗa ta Sudan da Lami da Barno, har muka iso gida lafiya, kafaɗar kuwa har yau tana tuna mini. Abin da na koyo, in za ka zaɓi kayan aiki ka fara tambayar wace hanya za ka bi da shi, in kuma ba ka shirya karɓar amsar babba ba, kada ka ce masa ya zaɓa. Inna ba ta yarda da ko ɗaya ba. Ƙarfen yana nan jingine bayan ƙofar ɗakinta, jikokinta na kiransa Alhaji tunda shi ma ya je Arfa. Wata maƙwabciya ta zo aronsa za ta daka daddawa, Inna ta hana. Ta ce abin da ya rage mata na Auta ke nan, kuma a Kano ba za ta sake ganin wani abu nasa ba.